Ƙiftawar Ido Ba Ta Isa Ba: Darasi a Kan Hasken Leza da Tabarau na Kariya

 

Masu son ƙwallo a cikinmu ba za su manta da ranar 29 ga Maris, 2022 ba. A ranar ce Senegal ta karɓi baƙuncin Masar a filin wasa na Abdoulaye Wade da ke kusa da Dakar, ana neman gurbin zuwa gasar cin kofin duniya ta Ƙatar. Wasa ya kai ga bugun fanareti. Da Mohamed Salah ya ajiye ƙwallo zai buga, sai ga fuskarsa ta cika da ɗige-ɗigen koren haske da 'yan kallo ke haska masa daga kowace kusurwa. Ya buga, ƙwallo ta bi ta saman raga. Daga baya hukumar FIFA ta ci tarar Senegal kuɗin Suwizalan faran 175,000, ta kuma hana ta 'yan kallo a wasa ɗaya, saboda wannan da wasu laifuffukan magoya baya.

To, wannan koren haske ya iso gare mu. Tun dawowarmu daga hutu muke ganin ɗigonsa yana yawo a bangon aji lokacin karatun dare, wani lokaci a kan allo, wani lokaci a goshin wanda barci ya ɗauke. Har mun ji masu alfahari cewa tasu tana fasa balan-balan, tana kunna ashana. Wannan ne ya sa muka zauna da malamanmu na Fiziks da Bayoloji, muka yi karatu a kan lamarin. Abin da muka gano ya tayar mana da hankali: lezar da za ta iya fasa balan-balan tana iya ƙona cikin ido kafin mai idon ya ƙifta, ba tare da ya ji zafi ba, kuma wurin da ya ƙone ba ya tofowa. Babu abin da ke tsayawa tsakanin irin wannan haske da ido sai tabarau na musamman, shi ma sai wanda ya dace da ita lezar.

Mece ce leza?

Tun a 1917 Albert Einstein ya bayyana ƙa'idar da leza ke aiki a kanta, amma sai a watan Mayun 1960 ne wani masani mai suna Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a jihar Kalifoniya ta Amurka, da dutsen jan yaƙutu. Yau da leza ake aika bayanan intanet ta cikin zaren gilashi, da ita ake karanta farashin kaya a manyan kantuna, da ita ake awon gini, da ita likitoci ke tiyata.

Abubuwa biyu suka raba ta da tocila. Na farko, hasken tocila yana bazuwa. Idan muka haska bango daga nesa, sai ya yi faɗi ya yi rauni. Hasken leza kuwa yana tafiya a dunƙule kamar igiya, ya yi nisa bai watse sosai ba. Na biyu, farin hasken tocila gaurayen launuka ne, ita kuwa leza launi ɗaya tak take fitarwa.

Iyayenmu masu sauraren rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango, kowace tasha da mitar da ake kama ta. Haka haske yake. Kowane launi da tsawon zangonsa, sai dai shi ƙanƙane ne ƙwarai, don haka ake auna shi da nanomita, wato mita ɗaya a raba ta gida biliyan. A taƙaice ana rubuta shi nm. Idon ɗan Adam yana ganin abin da ke tsakanin nm 400 zuwa wajen nm 700. Lezojin da aka fi samu a kasuwa su ne ja mai nm 650, kore mai nm 532, da shuɗiya mai nm 445 ko 450. Abin da ya haura nm 700 shi ake kira infared, ido ba ya ganinsa amma yana nan. Wanda ke son ya tabbatar, ya danna rimot ɗin talabijin a gaban kyamarar waya. A wayoyi da yawa zai ga ɗan haske yana ƙyaftu a fuskar wayar, alhali idonsa bai ga komai a bakin rimot ɗin ba.

Ƙarfin leza kuma da wat ake auna shi, ko miliwat, wato wat ɗaya a raba shi gida dubu, a rubuce mW. Mu riƙe waɗannan ma'aunai biyu, nm da mW, domin duk darasin a kansu ya rataya.

Yadda ido ke ninka haɗarin da kansa

Wani zai ce: ƙwan lantarkin ɗakinmu wat goma ne bai makantar da kowa ba, ta yaya abu mai rabin wat zai yi lahani? Amsar tana cikin gwajin da muka sha yi da gilashin ƙara girman rubutu. Rana ba ta ƙona takardar da ke shimfiɗe a ƙasa, amma da zarar gilashin ya tattara haskenta a ɗigo ɗaya, sai hayaƙi ya tashi.

Ido ma haka aka halicce shi. Haske yana shiga ta fatar gaban ido mai garai-garai, ya bi ta ƙofar ido, wato ɗan baƙin ramin nan na tsakiya, ya ratsa madubin ido, shi ne wanda yana ke rufewa ga tsofaffi. Fatar da madubin su ke tattara hasken a kan wani siririn tantani da ke bayan ƙwayar ido, wanda likitoci ke kira ratina. Hasken ƙwan lantarki ya watsu ko'ina a ɗaki, ɗan kaɗan ne ke shiga ido, kuma ya bazu a kan ratina. Hasken leza kuwa yana iya shigewa gaba ɗayansa, kuma tun da a dunƙule ya zo, ido yana tattara shi a ɗigon da bai kai kaurin silin gashi ba.

Mu yi lissafi. A cikin duhu ƙofar ido tana buɗewa ta kai faɗin milimita 7. Ɗigon da hasken ke sauka a kan ratina kuwa wajen milimita 0.02 ne. Idan muka raba 7 da 0.02 za mu sami 350. Tun da fili muke kwatantawa, sai mu ninka 350 da kanta, mu sami 122,500. Shi ya sa masana ke cewa ido yana ninka tsananin irin wannan haske kusan sau dubu ɗari. Ko leza mai miliwat ɗaya tal, a kan ɗigon da ta sauka ta fi kallon rana tsanani. Malamanmu da suka ga husufin ranar 29 ga Maris, 2006, wanda ya ratsa arewa maso yammacin Najeriya da kudancin Nijar, za su tuna gargaɗin da aka riƙa yi kada a kalli rana kai tsaye. Ratina ake tsoron ta ƙone, ita ce dai kuma leza ke ƙonawa.

A tsakiyar ratina akwai wani ɗan wuri da ake kira makula, faɗinsa bai wuce milimita biyar da rabi ba. Da shi muke karatu, da shi muke gane fuska, da shi ake zura zare a allura. Duk abin da muka juya muka kalla, a nan hotonsa ke sauka. Idan haske ya walƙa, ɗabi'ar mutum ce ya juya ya dube shi, ke nan da kansa yake miƙa wa lezar wuri mafi tsada a idonsa.

Abubuwa biyu suka ƙara wa lamarin muni. Ratina ba ta da jijiyoyin jin zafi, saboda haka tana ƙonewa mai ita bai sani ba. Sannan ƙwayoyin ganin da ke cikinta idan sun mutu ba sa sake tsirowa kamar fatar hannu. Likitocin ido sun san wannan sarai, domin da koriyar leza mai nm 532 suke ƙona wasu wurare na ratinar masu ciwon sukari da gangan don su ceto sauran ganin. Su suna auna ƙarfin, suna auna lokacin, suna kauce wa tsakiyar makula. Yaron da ke wasa a ɗakin kwana ba ya auna komai.

Rukunonin leza

Akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 60825-1 da ta kasa lezoji rukuni-rukuni. A jikin na'ura za ku ga kalmar "Class" da lamba a gabanta. Ga manyan cikinsu:

Rukuni na 1: ba shi da haɗari in an yi amfani da shi yadda aka tsara, kamar firinta da na'urar kallon faifan DVD, domin lezar a rufe take ciki.

Rukuni na 2: hasken da ake gani wanda bai wuce miliwat 1 ba. Idan haske mai ƙarfi ya bugi ido, mutum yana ƙiftawa ko ya kau da kai cikin kusan rubu'in daƙiƙa. A wannan rukuni ƙiftawar ta wadatar, muddin ba a ƙura ido da gangan ba.

Rukuni na 3R: har zuwa miliwat 5. Haɗarin kaɗan ne in giftawa ya yi, amma yana nan.

Rukuni na 3B: daga sama da miliwat 5 zuwa 500. A nan ƙiftawa ta makara. Hasken da ya shiga kai tsaye, ko ya dawo daga madubi, yana lahani kafin fatar ido ta rufe.

Rukuni na 4: sama da miliwat 500. Tana ƙona fata, tana tayar da gobara, kuma ko kallon ɗigonta a jikin bango daga kusa yana iya cutar da ido.

A Amurka doka ba ta yarda lezar nuni a allo ta wuce miliwat 5 ba. A Birtaniya da Ostareliya ma miliwat 1 ne iyakar abin da ake ganin ya dace da hannun jama'a. Duk lezar da ke fasa balan-balan ko kunna ashana ta wuce waɗannan iyakoki nesa ba kusa ba. Haka ƙananan injunan zane a kan katako da fata da ake sayowa ta intanet, masu wat 5 ko 10, duk 'yan rukuni na 4 ne.

Muna jan hankalin 'yan uwanmu na ƙungiyar JETS masu son kwance tsofaffin na'urori. Na'urar kwamfuta mai ɗora bayanai a faifan DVD rukuni na 1 ce a rufe, amma ƙwayar lezar da ke cikinta takan kai miliwat 200 ko fiye. Da an ciro ta an haɗa mata batir, ta koma 3B.

Kada a yarda da takardar da ke jiki

Da a ce rubutun da ke jikin kowace leza gaskiya ne, da sauƙi. A 2013 masana a hukumar awo da ma'aunai ta Amurka, NIST, sun gwada lezojin nuni 122 da aka sayo a kasuwa. Kusan kashi 90 cikin ɗari na koraye da kashi 44 cikin ɗari na jajaye sun saɓa wa doka. Da yawa an rubuta musu ƙasa da miliwat 5, amma abin da suke fitarwa ya ninka haka.

Koriyar leza tana da wani ɓoyayyen sharri. Yawancin masu nm 532 ba kore suke fara haifarwa ba. A cikinsu akwai ƙwayar da ke fitar da infared mai nm 808, wani dutse ya mayar da shi nm 1064, dutse na biyu ya raba zangon biyu ya zama 532. Ya kamata a sa matata a baki ta tare ragowar infared ɗin, amma masu araha sukan bar ta don rage kuɗi. Ido ba ya ganin infared, saboda haka ba ya ƙiftawa, alhali duk hasken da ke tsakanin nm 400 da 1400 yana isa ratina. Idan sanyin hunturu ya kama lezar, ko ta faɗi duwatsun suka goce, koren yana iya dusashewa infared ɗin na ci gaba da fita. Mai ita sai ya ce ta mutu, ya leƙa bakinta ya ga abin da ya same ta. Kada wanda ya taɓa leƙa bakin leza, ko tana ci ko ba ta ci.

Haka kuma ƙyallin haske ba shi ne ƙarfinsa ba. Ido ya fi jin launin da ke kusa da nm 555, wato kore, ba ya jin shuɗi sosai. Shuɗiyar leza da ta yi kamar ba ta da wani haske tana iya ninka koriyar ƙarfi sau da yawa.

Waɗanda abin ya faɗa wa

A 2010 likitoci a birnin Lucerne na Suwizalan sun ba da rahoton wani yaro ɗan shekara 15 da ya sayi koriyar leza mai miliwat 150 ta intanet. Yana wasa da ita a gaban madubi, hasken ya riƙa dawowa idanunsa. Nan take ganinsa ya dushe, amma tsoron faɗa ya sa ya ɓoye wa iyayensa har mako biyu. Da aka duba, an sami jini ya kwanta a ƙarƙashin ratinar idonsa na hagu, na dama kuma da tabo.

A asibitin ido na Sarki Khalid da ke Riyadh, likitoci sun karɓi samari 14 masu shekaru 11 zuwa 30 tsakanin 2012 da 2013, dukansu shuɗiyar leza mai nm 450 ce ta ji musu rauni. Goma daga cikinsu sai da aka yi musu tiyata. A 2018 kuma aka wallafa labarin wani yaro ɗan shekara 9 a ƙasar Girka da koriyar leza ta huda masa makular idon hagu.

Mu duba shekarunsu. Sa'o'inmu ne da ƙannenmu, kuma wasa ne ya kai su.

Tabarau na kariya: lambobi biyu

Ba cewa muke kowa ya guji leza har abada ba. A cikinmu akwai waɗanda za su zama injiniyoyi da likitoci, akwai masu burin buɗe shagon zane da yankan allunan suna. Abin da ya wajaba shi ne a san kayan aikin. Tabarau na leza matata ce da aka yi don ta tare wani zango na haske ta bar saura ya wuce, domin mai aiki ya ga abin da yake yi. A jikin na gaskiya, a kan gilashin ko a gefen firam, dole a sami lambobi biyu.

Lamba ta farko ita ce zangon da yake tarewa. Idan aka rubuta "190–540 nm", yana tare shuɗiya mai 450 da koriya mai 532, amma jar leza mai 650 za ta wuce ta cikinsa kamar babu shi, haka ma infared mai 808 da 1064. Don haka mai koriyar leza mai araha yana buƙatar tabarau da ya haɗa zango ukun: 532, 808 da 1064. Galibi tabarau na tare shuɗi da kore ruwan goro ne ko ja, na tare ja kuma shuɗi ne ko kore. Gilashi yakan bar launin da ya yi kama da shi ya wuce. Amma launi ba hujja ba ne, rubutun ne hujja.

Lamba ta biyu ita ce ƙarfin tacewa, ana rubuta ta OD. Kowane mataki ɗaya yana rage hasken sau goma:

OD 1: kashi ɗaya cikin 10 ke wucewa.
OD 2: kashi ɗaya cikin 100.
OD 3: kashi ɗaya cikin 1,000.
OD 4: kashi ɗaya cikin 10,000.
OD 5: kashi ɗaya cikin 100,000.

Hanya mai sauƙi ta tuna wannan ita ce a ƙirga sifili. Ga hasken da ake gani, manufa ita ce abin da zai isa ido kada ya kai miliwat 1. Misali, leza mai wat 1, wato miliwat 1,000, idan ta bi ta OD 2 za a sami ragowar miliwat 10, wanda har yanzu rukuni na 3B ne. OD 3 zai bar miliwat 1, a bakin iyaka ke nan. OD 4 zai bar 0.1, shi ne abin da hankali zai kwanta da shi. Injin zane mai wat 5 kuma, OD 3 zai bar miliwat 5, bai isa ba, OD 4 zai bar 0.5, OD 5 ya fi. Tun da mun ga takardar jikin leza tana ƙarya, a ƙara aƙalla mataki ɗaya a kan abin da lissafi ya bayar. Wannan lissafi na fahimtar aji ne. Inda infared yake, ko leza mai harbi ɗaiɗai, sai ƙwararre ya zaɓa.

Bayan lambobin, a nemi shaidar cewa an gwada tabarau ɗin. A Turai ƙa'idar ita ce EN 207, kuma ana rubuta LB da lamba a gabanta. A Amurka suna bin ANSI Z136. Tabarau da ke zuwa kyauta cikin kwalin leza sau da yawa babu lamba ko ɗaya a jikinsa. Araha ba ta ado, ballantana a kan ido. Ya kasance kuma yana rufe gefe da sama da ƙasa, babu tsaga, babu ƙarzuwa. Kada a ɗauka sanya shi izini ne na kallon hasken. An yi shi ne don ya jure tsautsayin daƙiƙu kaɗan, in aka daɗe robar tana iya narkewa.

Ga abubuwan da ba sa maye gurbinsa. Tabarau na rana yana rage haske ne kaɗan, bai ma kai OD 2 ba, kuma duhunsa yana sa ƙofar ido ta ƙara buɗewa. Gilashin walda an yi shi ne don wutar walda, wadda ke ƙuna gaban ido ta sa mutum ya kwana kamar an zuba masa yashi, babu wanda ya auna shi da zangon leza. Farin tabarau na ɗakin gwaje-gwaje sinadari da ɓarɓashi yake tarewa. Tabarau na likita ma ba ya tare komai. Manyan injunan yankan roba da katako masu aiki da iskar CO2 kuma nm 10,600 suke fitarwa, wanda ba a gani, yana ƙona fatar gaban ido. Su ma da nasu tabarau daban.

Dokokin wurin aiki

Tabarau shi ne garkuwa ta ƙarshe, kafin shi akwai tsari. Duk inda za a kunna leza ta rukuni na 3B ko 4:

1. Ya zama da malami ko babba wanda ya san aikin.
2. Kowa da ke ɗakin ya sa tabarau kafin a saka batir ko a jona wuta, ba mai riƙe da ita kaɗai ba. Wanda bai samu ba ya fita.
3. A rufe ƙofa da taga, a manna gargaɗi a waje.
4. A cire agogo, zobe da awarwaro. A kawar da madubi, waya, kwano da duk abu mai sheƙi. Tayil da gilashin taga ma suna mayar da haske.
5. A ɗaure lezar a kan tebur, hasken ya bi ƙasa da saitin ido, ya ƙare a jikin abu mai duhu marar sheƙi da ba ya cin wuta, kamar bulo. Kada a sunkuya a ɗauki abu tana kunne.
6. Injin zane ya kasance cikin akwatinsa, da hanyar fitar hayaƙi. Kada a yanka robar PVC da leza, hayaƙinta guba ne.
7. In an gama a cire batir, a kulle ta inda ƙanne ba za su kai ba.

A waje kuma, kada a haska mutum, dabba, mota, babur ko jirgin sama, ko da ƙaramar leza ce. Ko ba ta ƙona ido ba, tana ɗauke wa direba gani na ɗan lokaci. A watan Fabrairun 2016 wani jirgin Virgin Atlantic da ya tashi daga Landan zuwa New York ya juya ya koma bayan an haska ɗaya daga cikin matuƙansa. Hukumar sufurin sama ta Amurka ta karɓi rahoton irin wannan haskawa 13,304 a 2023 kaɗai. A Amurka da Birtaniya laifin yana iya kai mutum gidan yari shekara biyar.

Idan tsautsayi ya auku

Bayan walƙiyar haske, ganin inuwar ɗigo na ɗan lokaci ba abin mamaki ba ne. Amma idan an ɗauki mintuna da yawa bai tafi ba, ko akwai baƙin tabo a tsakiyar gani, ko haruffa suna ɓacewa, ko miƙaƙƙen layi ya koma karkatacce, to akwai magana. Ga gwajin da kowa zai iya: a ɗauki takardar giraf ta darasin lissafi, a ɗiga alƙalami a tsakiya, a rufe ido ɗaya, a kalli ɗigon daga nisan karatu, sannan a sauya ido. Dole a gwada kowane ido shi kaɗai, domin mai lafiyar yakan rufa wa ɗan uwansa asiri. Idan wasu layuka sun lanƙwashe ko sun ɓace, a nemi likita a ranar. In kuwa leza mai ƙarfi ce ta shiga idon, a je ko gwajin bai nuna komai ba.

Kada a murza idon. Kada a sa tozali, ruwan sukari, nono ko maganin ɗigawa daga kemis, domin raunin a bayan ido yake, babu abin da zai kai wurin. A faɗa wa malami ko iyaye nan take, a tafi da lezar don likita ya san zangonta da ƙarfinta. Likitan ido ake nema, ba mai sayar da tabarau ba. Akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, asibitocin koyarwa ma suna da sashen ido. Wasu raunukan suna samun sauƙi da magani ko tiyata in an zo da wuri, wasu kuwa tabonsu na har abada ne, kuma babu gilashin likita da ke gyara shi.

Muna roƙon malamanmu da iyayenmu: idan yaro ya zo da irin wannan ƙorafi, a fara kai shi asibiti, horo ya biyo baya. Yaron Suwizalan ya yi asarar mako biyu ne saboda tsoron faɗa.

Tambayoyin wannan mako

1. An rubuta wa tabarau "190–540 nm OD 4". Zai kare mai jar leza mai nm 650? Me ya sa?
2. Leza mai miliwat 300 ta bi ta OD 2. Miliwat nawa ya rage, kuma wane rukuni ke nan?
3. Me ya sa leza ta fi haɗari a ɗaki mai duhu fiye da tsakar rana?

A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Juma'a. Za mu manna sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba.

Wanda kuma yake da leza a akwatinsa wadda bai san zangonta ba, bai san ƙarfinta ba, ba shi da tabarau ɗinta, muna ba shi shawara ya cire batirin yau, ya kai wa malamin Fiziks ya ajiye. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kare mana ganinmu, ya ba mu ilimi mai amfani.

Daga Sashen Kimiyya, Ƙungiyar 'Yan Jarida.